Man da Ba Ya Sallama

Daeng Gassing ya sa bayan hannunsa mai lafiya ya ture kwanon. Shinkafa ta watse a tabarma, kifin ya zurara ta tsakanin katakan daɓe, kaji suka yi caa a kansa a ƙarƙashin gidan, wanda ke kan turaku.

"Baba, don Allah," in ji Rosmiati, bakinta dab da kunnensa. "Ko loma ɗaya."

Tsohon ya juya fuska ga bango. An shiga mako na biyu ke nan rabonsa da abincin kirki. Ruwa yake kurɓa, shi ma sai an roƙe shi. Mutumin da a da yake sa kafaɗa shi kaɗai ya tura kwalekwale cikin teku, yau haƙarƙarinsa ana iya lissafa su ta cikin riga.

Abin ya faro ne ranar kasuwa. Ya goyo matarsa Daeng Kebo a babur, da kwalaben man kwakwar da take sayarwa, sai ɓarin jikinsa ya shanye yana tuƙi, suka faɗa rami. Shi aka kwantar a asibitin Benteng, babban garin tsibirinsu, bai san inda kansa yake ba. Ita ƙashin ƙugunta ne ya karye, aka tsallaka teku da ita zuwa Makassar don a yi mata aiki. Ko da ya farfaɗo ba ta nan, kuma ganinsa ya tafi, sai dishi-dishi. Kunnuwa kuwa tun yana saurayi nutson teku ya cinye rabinsu.

Rosmiati, 'yarsu da ke aiki a kantin magani a Makassar, ta bar uwar a hannun yayanta Sahabu, ta dawo ƙauye jinyar uban. Ta zo da magunguna da wata doguwar kwalba ta man kasumba, wanda likita ya ce ya fi dacewa da mai kitse a jini.

Gwaggo Puji, ƙanwar tsohon, ita ce ba ta yarda da kwalbar nan ba tun ranar farko. Yanzu ma ga ta a bakin ƙofa, ta riƙe ƙugu.

"Ya sake zubarwa ko? Ai ni ma da zubarwa zan yi. Kasumba! Furen da muke jiƙa wa yara in ƙyanda ta fito musu, shi ne yau aka matse 'ya'yansa aka ce mai ne. Yayana ƙyanda yake yi?"

"Gwaggo, man nan ya fi sauƙi ga zuciya. Kuma kin gani da idonki, ba ya hayaƙi, kifi ya soyu sarai."

"Ya soyu, ban musa ba. Amma wane irin mai ne za a ɗora a wuta maƙwabta ba su sani ba? In uwarki ta ɗora kasko, har masunta a bakin ruwa sai sun juyo. Wannan naki shigowa yake gida ba sallama, kamar ɓarawo."

Rosmiati ta durƙusa tana tsince shinkafa.

Da hantsi ma'aikaciyar jinyar ƙauye ta zo. Ta auna shi, ta ja Rosmiati zuwa matakala.

"Jiya na sa masa ƙarin ruwa, ya fizge. In ya ci gaba a haka, ba jini ne zai kashe shi ba, yunwa ce. Ki ba shi duk abin da zai ci. Maganar mai a bar ta tukun, cokali ɗaya ba zai kayar da shi yau ba."

Ko da matar ta tafi, Rosmiati ta jingina tsani ta hau ma'ajiyar da ke cikin rufin ɗaki. Can ta ajiye kwalaben uwarta tun ranar da ta iso, ta ɗaure bakunansu da tsumma, don kada Gwaggo ta faki idonta ta zuba a girki. Ta sauko da ɗaya. Tana zubawa a kasko ƙamshin ya tashi, mai nauyi, mai ɗan ƙauri-ƙauri, ya cika gidan har ya fita ta taga. Ita kanta sai da idonta ya kawo ruwa.

Kafin kifin ya soyu ta ji an buga katako da ƙarfi. Ta ruga ɗaki. Tsohon ya yunƙura ya tashi zaune, abin da bai yi da kansa ba tun da aka kawo shi, bakinsa da ya karkace yana rawa.

"Wa ya taɓa?" Maganar tana fita da ƙyar. "Wa ya buɗe? Arba'in ɗin ta cika ne?"

"Wace arba'in, Baba?"

"Kada ki mai da ni yaro. Mayar da shi. Na jama'a ne."

Rosmiati ta juya ta dubi Gwaggo Puji da ta biyo ta. Gwaggo ta dafe ƙirji, ta zauna daɓas a ƙasa.

A al'adar ƙauyen, in mace mai yin mai ta rasu, ba a ci gaba da cin man da ta bari. Ana ɗaure bakin kwalabenta da tsumma a kai rufin ɗaki, gidan su koma girki da man kanti, sai ranar sadakar arba'in a sauko da su, a dafa abincin sadaka, jama'a su ci hannunta na ƙarshe.

"Innalillahi," in ji Gwaggo. "Ni ce. Ranar da kika kai su sama, ni na je kunnensa na kai ƙararki. Na ce, Yaya, ga 'yarka ta ɗaure kwalaben Kebo ta kai rufin ɗaki, mun koma man kanti. Wallahi haushinki kawai nake ji."

Rosmiati ta faɗi gaban uban ta kama hannunsa. "Baba, Inna tana da rai! Tana gidan Yaya Sahabu, an yi aikin lafiya. Ai na sha gaya maka. Likita ne ya ce a canza maka mai."

"Haka ake gaya wa marar lafiya," in ji shi, ya zare hannunsa. "Ni ma haka na gaya wa mahaifina lokacin da uwarmu ta tafi. Puji, ƙarya nake?"

Gwaggo ta sunkuyar da kai.

Rosmiati ta kira wayar Sahabu, aka ba uwar, ta ƙure ƙarar ta manna a kunnen tsohon. Daga inda take tsaye tana jin muryar Daeng Kebo tana kiran sunansa. Ya saurara, ya kau da kai.

"Ƙugi kawai nake ji. Kowace tsohuwa aka sa a cikin abin nan haka za ta yi." Ya kwanta. "Ku bar ni. Kebo ba ta iya tafiya ita kaɗai ba, ko kasuwa sai na kai ta."

A lokacin Rosmiati ta gane ba rashin sha'awar abinci ke damunsa ba. Shiri yake yi ya bi matarsa.

Kawo uwar ba zai yiwu ba, ƙashin bai kama ba. Kai uban ma ba zai yiwu ba. Kuma iskar yamma ta taso, jirgin fito ya daina tsallakawa, ko jiragen masunta an janye su kan yashi.

Dabara ta zo wa Gwaggo. "Tsohon mai ba shaida ba ne, matacce ma yana barin mai. Amma sabo fa? Mu yi sabo, mu ce ita ta aiko."

Suka koma gidan Gwaggo a ƙarshen ƙauye, inda iska ba za ta kai ƙamshin ba. Suka fasa kwakwa, suka goge, suka matse madarar suka bar ta ta kwana. Washegari suka kwashe kaurin da ya taso sama suka ɗora a wuta, Rosmiati tana juyawa har kafaɗarta ta ƙage, man ya rabu da tunkuza. Ya yi kyau, garau kamar zuma. Ta ɗura a kwalba ta kai wa uban.

"Baba, ga saƙo daga Inna. Ita ta yi da hannunta."

Ya karɓa ya kai hanci. Bai daɗe ba ya miƙo mata.

"Puji ce ta ce a sauke daga wuta. Tun tana yarinya take tsoron ƙonewa, kullum nata ɗanye ne." Ya ɗora tafin hannunsa a jikin bango, katakon yana girgiza da iska. "Kuma wane jirgi ya kawo shi cikin wannan? Rosmi, ban taɓa jin kin yi mini ƙarya ba sai yau. Yanzu na tabbata."

Daga ranar ko ruwan ma ya rage sha.

Rosmiati ta kwana biyu tana zarya tsakanin ɗakinsa da bakin teku, tana duban sama. Da safiyar da iska ta ɗan lafa, aka ce jirgin zai gwada tsallakawa, ta ɗauki jaka, ta cika buhu da busassun kwakwa daga bishiyoyin bayan gidansu.

"Ina za ki ki bar shi haka?" in ji Gwaggo.

"Wurin mai man. Ki riƙa jiƙa masa leɓe. In ya tambaye ni, ki gaya masa gaskiya, ko ba zai yarda ba."

Jirgin ya yi ta tangaɗi, mata suna amai suna salati, ita tana rungume da buhunta. Daga Bira, inda jirgin ya sauke su, ta shiga mota. Rana ta yi sanyi kafin ta isa ɗan gidan hayar Sahabu a Makassar.

Daeng Kebo tana kwance a katifa, an tokare ta da matasai. Ta rame, amma idon nan nata yana nan da kaifinsa. Ta saurari labarin duka ba ta katse ba. Da aka zo kan man Gwaggo, sai ta yi tsaki.

"Ku biyu kuka haɗu za ku yaudari hancin Gassing? Mutumin da yake gane kwakwar gabas da ta yamma a cikin miya?" Sai muryarta ta karye. "Wawan tsoho. Wato bina zai yi. In ya je can bai same ni ba fa?"

"Inna, laifin man nan ne da na kai."

"Man me ya yi? Shi matar yayanki take yi mini girki da shi, ina ci. Ba ya gundura, ba ya kwanta wa mutum a ƙirji, in an soya ayaba ayabar ake ji. In likita ya ce shi ubanki zai ci, shi zai ci. Abu ɗaya ne, ba a san hannun wa ya yi shi ba. Sahabu! Fasa kwakwar nan."

"Inna, likita ya ce kada ki zauna da yawa," in ji Sahabu.

"Likita ya ce kada in zama gwauruwa? Fasa."

Sahabu da ƙanwarsa suka goge suka matse. Da gari ya waye aka ɗauko tsohuwar da katifarta aka kai bakin ƙofar baya, aka jawo murhu kusa da ita, aka ɗaura wa muciya sanda don ta kai. Tana juyawa tana cije leɓe, gumi yana zuba a wuyanta. Sau biyu Rosmiati ta kai hannu za ta karɓa, aka buge hannun.

Madarar ta tafasa, ta tsinke, man ya fara tasowa. Tunkuzar ta yi ruwan ƙasa.

"Inna, ya yi. Zai ƙone."

"Nan Puji take saukewa." Ta ci gaba da juyawa. Tunkuzar ta ƙara duhu, ƙamshin ya juya, ya ɗauko ɗan ƙaurin nan. Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. "Yanzu. Sauke!"

Aka tace aka ɗura. Rosmiati ta kai hannu ga kwalbar, uwar ta ce ta dakata.

"Mai yana daɗewa. Zai ce tsoho ne kika ɗumama. Kawo mazarƙwaila."

Ta ɗebi tunkuza da ɗuminta, ta marmasa mazarƙwaila a ciki, ta dunƙule a tafin hannu kamar ƙwan kaza. Sannan ta danna babban yatsanta na dama a tsakiya, ta zare a hankali. Yatsan nan magogin kwakwa ya tsaga shi tun tana amarya, ya warke da rami a tsakiya, farcen ya rabu biyu.

Rosmiati ta dubi yayanta, shi ma ya dube ta. Ba wanda ya taɓa ganin uwar ta yi irin wannan dunƙulen a cikinsu.

"Ina za ku gani?" in ji tsohuwar, ba ta ɗago ba. "Kafin ku jiyo ƙamshi ku rugo, ya riga ya cinye. Duk man da na yi tun da na shigo gidansa, dunƙulen farko nasa ne." Ta naɗe shi a ganyen ayaba, ta sa a gwangwani. "Tunkuza ba ta wuce kwana ɗaya, tsami take yi. Shi ma ya sani. Kada ki bari ya matse. Tashi ki tafi."

A Bira aka ce jirgin ba zai tashi ba, iska ta dawo. Rosmiati ta zauna a kan jakarta a bakin tasha, gwangwanin a cinyarta, tana buɗewa tana sansanawa. Wayar Gwaggo ta shigo.

"Rosmi, ya daina amsawa in na yi magana. Abin da ya faɗa na ƙarshe shi ne a kira masa liman."

Ta miƙe ta bi jerin jiragen katako masu dakon kaya tana tambaya ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya girgiza kai. Na ƙarshe, wani dattijo mai dakon siminti, ya tambaye ta ko 'yar wa ce. Da ta faɗa, ya daɗe yana kallon teku.

"Gassing mai nutso? Mun yi aiki a jirgi ɗaya. Da asuba iskar takan huta kaɗan. In kina da ƙarfin zuciya, ki zo."

Tsallakawar ba ta yi daɗi ba. Ruwa yana dukan jirgin yana watsowa ciki, ta cusa gwangwanin cikin rigarta ta duƙa a kansa. Da suka taɓa ƙasa ta hau babur ɗin haya ta ce a yi sauri.

Ta tarar da takalma a gindin matakala. Ta haura da gudu. Liman ne da dattawa biyu suna zaune suna karatu ƙasa-ƙasa, Gwaggo a gefe idonta ya kumbura. Tsohon yana kwance, ƙirjinsa yana ɗagawa kaɗan-kaɗan.

Ta durƙusa. Ta buɗe kwalbar ta kai kusa da hancinsa.

Hancin ya motsa. Idanun da ba sa gani suka buɗe.

"Kin sake hawa sama," in ji shi, da ƙyar ake ji.

Ta kwance ganyen ayaba, ta buɗe tafin hannunsa mai lafiya ta ɗora dunƙulen. Yatsunsa suka rufe a kai. Suka zagaya shi, suka tsaya a gurbin. Ɗan alinsa ya shiga ciki, ya bi tudun da ramin yatsan ya bari, ya koma ya sake bi. Liman ya yi shiru da karatun.

Tsohon ya kai dunƙulen baki, ya gutsiri gefe, nesa da gurbin. Ya daɗe yana juya shi a harshe.

"Bai yi tsami ba," in ji shi. "Na jiya ne."

"Na jiya ne, Baba. A gabana ta yi."

Hawaye ya gangaro ta gefen fuskarsa da ya shanye, ya shige kunne. Ya sake sa yatsa a gurbin, sai ya ɓata rai.

"Yatsan ya rame. Ba kwa ba ta abinci ne a can?"

Gwaggo Puji ta fashe da kuka da dariya a haɗe. "Ji mai magana! Kai da ka koma kamar busasshen kifi!"

"Rufe mini baki, mai ɗanyen mai." Ya nemi hannun 'yarsa ya riƙe. "Akwai shinkafa?"

Aka kira ma'aikaciyar jinya, ta ce a fara da kunu. Rosmiati ta dama na shinkafa, ta soya ɗan kifi da man kasumba ta marmasa a ciki, ta ɗiga rabin cokali na man uwarta a sama. Ya sha cokali ɗaya, ya tsaya.

"Baƙon man nan yana ciki."

"Yana ciki, Baba. Inna ta ce in likita ya ce shi za ka ci, shi za ka ci. Nata ɗigo ne kawai."

"Ita ta faɗa?"

"Ita ta faɗa."

Ya buɗe baki aka ƙara masa. Bai sha da yawa ba, cikin ya daɗe a rufe, amma abin da ya sha ya zauna. Sauran dunƙulen ya hana kowa taɓawa, yana riƙe da shi a kan ƙirjinsa. Da liman da dattawan suka miƙe za su tafi, ya kira 'yarsa.

"Rosmi, hau sama ki sauko da kwalaben uwarki. Ki kwance tsumman nan duka, tun kafin mutanen nan su fita, su gani da idonsu."

Ta jingina tsani ta hau.